Sabon hannu a ɗurin harsashi: ƙwaya ɗaya za ta yi wa .308 da .303?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bindigogin farauta biyu da lasisinsu, ɗaya .308 Winchester, ɗaya kuma tsohuwar Lee-Enfield mai cin .303 British. Na tara kwansunan da na harba, na sayi injin ɗuri da sikeli da kalifa (ma'aunin tsawo da kauri), da kwali ɗaya na ƙwaya (kan harsashi da ke fita idan an harba) mai nauyin giren 150 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), an rubuta .308 a jikinsa. Tambayoyina biyu ne. Ta farko, tunda dukansu 'yan gidan talatin ne, zan iya ɗura wa bindigogin biyu da wannan ƙwayar? Ta biyu, na haɗa harsashin gwaji guda, babu albarushi babu faraima ('yar hular gindin kwanso mai kunna albarushi), na saka a .308 ɗin, sakata ta ƙi rufewa sai da na danna da ƙarfi. Da na zaro sai na ga ƙananan zane-zane kewaye da ƙwayar. Har yanzu ban buɗe gwangwanin albarushi ba. A taimaka.

Mai_Kalifa:
Wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka fara da na gwaji. Amsar ta farko a'a ce. Lambar da ke cikin sunan harsashi ba ita ce kaurin ƙwayarsa ba. .308 Winchester da .30-06 da .300 Winchester Magnum duk ƙwayar inci 0.308 suke ci. .303 British kuwa, duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta, ƙwayarsa 0.311 ce zuwa 0.312, domin 303 ɗin awon bututu ne daga tudun tsaga zuwa tudun tsaga, ba daga kwari zuwa kwari ba (tsaga su ne murɗaɗɗun layukan cikin bututu masu juya ƙwaya). Haka .270 Winchester ke cin 0.277, .223 Remington ke cin 0.224. Kwalinka na .308 ne kawai. Enfield sai ka saya mata nata.

DanFako_77:
Ni kam na harba ƙwayar 0.308 a Enfield ba sau ɗaya ba, ba abin da ya faru. A mita hamsin har tana samun inda na nufa. Mai faffaɗan gindi ta fi yi, mai siririn gindi ce ke watsewa.

Mai_Kalifa:
@DanFako_77 ban ce za ta fasa bindiga ba. Ƙaramar ƙwaya a babban bututu ba ta kama tsaga yadda ya kamata, iskar wuta na kurɗawa ta gefenta, saiti ya lalace. Abin da nake ji wa tsoro shi ne juyin wannan. Ranar da ya sayo 0.312 na Enfield, kwali biyu za su zauna a teburi ɗaya, ido kuwa ba ya rarrabe 0.308 da 0.312. Idan babbar ta shiga kwanson .308, matsi zai haura inda littafin awon ɗuri bai auna ba.

Injiniya_Sale:
Akwai wani abin da ba a ambata ba game da saka 0.308 a kwanson .303. Ƙarfen gyaran kwanso na .303 yana barin wuyan kwanso daidai da ƙwayar 0.311, wato ya fi ta matsewa da kamar 0.002. Idan ka dasa 0.308 a wannan wuyan babu abin da ke riƙe ta. Za ka iya tura ta ciki da babban yatsa. Lokacin da sakata ke tura harsashi daga magazin, ƙwayar na iya nutsewa cikin kwanso, filin albarushi ya ragu, matsi ya ƙaru. Saboda haka ni ban yarda a ce wa sabon hannu "ba komai" ba.

DanFako_77:
Wannan gaskiya ne, Injiniya. Ni na canja sandar buɗe wuya zuwa ta 0.308 kafin in yi. Na yarda ba aikin mai farawa ba ne.

Tsohon_Maharbi:
Yaro, bari in yi maganar tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi damuna. Abu uku ke hana sakata rufewa, kuma kowanne maganinsa daban. Ko ƙwaya ta yi tsawo a waje ta tokari tudun tsaga, ko kafaɗar kwanso ba ta koma baya ba lokacin da ka matse shi, ko kuma kwanson kansa ya yi tsawo bakinsa ya cushe a ƙarshen ɗaki, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu. Zanen da ka gani ya nuna na farko, amma bai kore sauran biyun ba.

Ga yadda za ka gane. Ɗauki kwanson da ka gyara, babu ƙwaya, ka saka a ɗaki ka rufe. In ya rufe salin-alin, kwanso ba shi da laifi. In ya yi tauri, shafe kafaɗarsa da bakinsa da baƙar maka (alƙalamin tawada), ka sake sakawa, ka zaro ka duba inda tawada ta goge. Daga nan ka dasa ƙwaya, ita ma ka shafe ta baƙi ƙirin. Idan ta taɓa tsaga za ka ga gajerun tabo masu kusurwa huɗu, a jere, tazararsu ɗaya, adadinsu daidai da adadin tsagar bututunka. In kuwa dogon karce ɗaya ne a gefe guda, wannan gogar hanyar shigowa ce daga magazin, ba tsaga ba.

Mai_Kalifa:
Ƙari a kan na Baba: ga lambobin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin bindiga da harsashi a Amurka, ta tsayar wa .308 Winchester. Tsawon kwanso kada ya wuce inci 2.015, littattafan ɗuri kuma sun ce a datse shi zuwa 2.005. Tsawon harsashi gaba ɗaya kada ya wuce 2.810. Amma 2.810 iyaka ce, ba umarni ba. Ƙwayar giren 150 mai dunƙulallen baki za ta iya taɓa tsaga tun kafin nan, shi ya sa kowane kamfanin ƙwaya ke rubuta tsawon da ya gwada kowace ƙwaya da shi. Nawa kalifarka ta nuna?

Sabon_Hannu:
Na gode Baba, na gode Malam. Harsashin 2.860 ne. Wani bidiyo na gani, mai shi ya ce a bar ƙwaya ta yi tsawo ta kusanci tsaga, wai an fi samun saiti. Kwanson ban auna ba tukuna, sai na koma gida.

Baban_Hafsat:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Mai bidiyon bindigarsa yake magana a kai, ba taka ba. Maƙogwaron kowane bututu, wato filin da ke gaban ɗaki kafin tsaga ta fara, daban yake, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a wata ɗaya.

Nasiru_Saiti:
Amma fa mai bidiyon bai yi ƙarya ba. Masu gasar harbin teburi da yawa suna dasa ƙwaya har ta shiga tsaga kaɗan, kuma su ne suka fi kowa tara harbi a rami ɗaya. Bai kamata a tsorata mutane da abin da ake yi kullum ba.

Tsohon_Maharbi:
Nasiru, suna yi, amma ka faɗi sauran. Suna fara auna albarushinsu daga ƙasa da ƙwayar a wannan matsayin, don sun san ƙwayar da ba ta da filin zabura kafin ta ci karo da tsaga tana ɗaga matsi. Kuma suna harba duk abin da suka saka a ɗaki. Mafarauci fa? Ya saka harsashi da asuba, bai ga nama ba, ya buɗe sakata zai cire. Na tsaya kusa da wani mutum a filin harbi da haka ta same shi. Ya ja sakata, kwanso ya fito shi kaɗai, ƙwaya ta maƙale a tsaga, albarushi ya zube cikin magazin da gidan kunama, ƙananan sanduna baƙaƙe ko'ina. Sai da aka nemo sandar goge bututu aka bugo ƙwayar ta baki. Da bai lura ba ya tura wani harsashin a bayanta, da wani labarin ake yi. Wanda ke farawa ya bi tsawon da littafi ya ba shi. In ya ƙware ya matso, ya bar tazarar inci 0.020 zuwa 0.030 tsakanin ƙwaya da tsaga. Ƙwayar jan ƙarfe zalla ma kamfanin Barnes da ke ƙera ta cewa suka yi a fara da 0.050.

Lauya_Bello:
Ku yi haƙuri in katse ku. Lasisin riƙe bindiga ba lallai ya haɗa da izinin ɗura harsashi ba. A Amurka mutum na iya ɗura wa kansa, amma sayarwa sai da lasisin gwamnatin tarayya. A Jamus sai ka yi kwas ka ci jarrabawa ka karɓi izini ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa kafin a sayar maka da albarushi. A Birtaniya ko faraima ba a sayar maka sai ka nuna takardar bindiga. Ƙasashe da dama kuwa sun haramta shi ɗungurungum, ɗauri ne mai tsawo. Kowa ya binciki dokar inda yake kafin ya sayi ko da sikeli.

Sabon_Hannu:
Ranka ya daɗe, na bincika, inda nake an halatta kuma takarduna sun cika. Amma tunatarwar ta yi amfani ga masu karantawa.

Auwal_AK:
Wane albarushi ka saya? Faɗa min in ba ka awon da nake amfani da shi, shekaru ina harba shi lafiya.

Injiniya_Sale:
@Auwal_AK don Allah kada ka rubuta awo a nan. Ba raini ba ne. Kwansonka, faraimarka, bututunka da kwalin albarushinka duk ba nasa ba ne. Kwanson soja ma kaɗai ya isa misali: bangonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, awon da ya zauna lafiya a kwanson kasuwa zai iya yin yawa a cikinsa. Kuma yatsa na iya zamewa a waya, 4 ta zama 5. Awo daga masu na'urar gwada matsi ake ɗaukarsa, kamfanoni irin su Hodgdon, Vihtavuori, Hornady, Sierra, Speer, Nosler, Lyman. A duba aƙalla biyu a gwama. A fara daga awon farawa, wanda galibi yake ƙasa da na ƙarshe da kamar kashi 10 cikin 100, a riƙa hawa da rabin giren ko ƙasa da haka. Kuma kada a sauka ƙasa da awon farawa da sunan taka-tsantsan, domin albarushi mai jinkirin ci idan ya yi kaɗan a babban kwanso ba ya kamawa daidai.

Auwal_AK:
Na ji, na janye. Niyyata taimako ce.

Mai_Kalifa:
Mun sani, ɗan'uwa. Tunda an shigo zancen albarushi: a kula da sunaye masu kama. IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350 abu uku ne daban. Haka IMR 4895 da H4895, haka IMR 4831 da H4831. A karanta haruffan da ke gaban lambar, ba lambar kaɗai ba. Gwangwani ɗaya tak a kan teburi, in an gama a mayar da ragowar cikinsa nan take. Mafi munin haɗarin wannan sana'a shi ne albarushin ƙaramar bindiga, mai saurin ci, ya shiga kwanson babbar bindiga. Wannan ba alama yake bayarwa ba, ƙarfe yake tsagawa.

Garba_Dogo:
Tambaya daga gefe. Wannan albarushin na zamani zai yi a bindigar da ake ɗura wa ta baki?

Tsohon_Maharbi:
Ko kusa, Garba. Ko ƙanƙani. Waɗannan an yi su ne don baƙin albarushi ko abin da aka ƙera ya maye gurbinsa. Marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fito da shi a Faransa a 1884, matsinsa ya ninka na baƙin nesa ba kusa ba. Launi kuma ba shaida ba ne, shi ma marar hayaƙin baƙi-baƙi ne a ido. Abin da aka rubuta a gwangwani shi ne hujja, wanda ba shi da rubutu kuwa ba a amfani da shi.

Maman_Ilham:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ni da maigidana muke ɗuri tare. Kowa na maganar fashewa, ba wanda ya ambaci dalma, alhali ita ce ke cutarwa a hankali ba a sani ba. Yawancin faraima akwai sinadarin dalma a cikinta, kuma ƙurar da ke tashi lokacin cire tsohuwar faraima ko wanke kwanso a injin girgiza cike take da shi. Kada a ci ko a sha a wurin aikin, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yara, mai juna biyu da ƙananan yara kada su shiga ɗakin. A goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Sannan tabarau na kariya, musamman lokacin dasa faraima. A bar faraima a cikin fakitinta mai ramuka, kada a juye su a kwalba, don in ɗaya ta tashi duk za su tashi tare. Albarushi kuma a gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi marar laima, ba cikin akwatin ƙarfe mai rufewa gam ba. In ka buɗe ka ji wari mai yaji yana hawa hanci, ko ka ga jar ƙura kamar tsatsa, ya lalace.

Baban_Hafsat:
Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Abin da zan ƙara shi ne tocila. Bayan ka zuba wa kwansuna albarushi suna jere a katakonsu, haska ka leƙa kowanne kafin ka dasa ƙwaya. Duk su zo tsayi ɗaya. Wanda babu komai a cikinsa faraima kaɗai za ta iya tura ƙwayarsa ta tsaya a tsakiyar bututu. A filin harbi in ka ji ƙara ta yi rauni ko bindiga ba ta bugi kafaɗa yadda ta saba ba, tsaya, cire sakata, leƙa bututu. In kuma ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakin bindiga na kallon gaba, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe.

Nasiru_Saiti:
Ni dai hanyata mai sauƙi ce. Ina hawa har in ga faraima ta baje ko sakata ta fara tauri wajen ɗagawa, sai in koma baya kaɗan. Bindiga ba ta ɓoye abin da ke damunta.

Injiniya_Sale:
Tana ɓoyewa, Nasiru. Iyakar da SAAMI ta sa wa .308 Winchester psi (ma'aunin matsi) 62,000 ce, kuma sau da yawa kafin tagullar kwanso ta fara nuna tabon ramin da ke fuskar sakata a gindinta, ko sakata ta yi tauri, an riga an wuce wannan iyakar. Faraima kuma wata taushi gare ta wata tauri, tazarar ɗaki (sararin da ya rage tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi) ma na baje ta ko matsi bai yi yawa ba. Alamun nan umarnin tsayawa ne in sun bayyana, amma rashinsu ba takardar lafiya ba ce. Na fi yarda da na'urar auna gudun ƙwaya. In gudunka ya kai na littafi a bututu mai tsawo irin nasu, ka kai, ko awonka bai kai na ƙarshe ba. Ka kuma tuna harsashin da ka gwada da sanyi zai iya ƙara matsi idan ya sha rana.

Kuma ga Enfield ɗin Sabon_Hannu hanyarka ta fi haɗari. Iyakar .303 British psi 49,000 ce. A wannan matakin faraima ba za ta nuna maka komai ba sai ka yi nisa da wucewa.

Nasiru_Saiti:
A kan Enfield na sallama. A kan bindigar zamani mai ƙarfi har yanzu ina ganin karanta kwanso ilimi ne da bai kamata a yar ba.

Tsohon_Maharbi:
Ba wanda ya ce a yar. A haɗa shi da littafi.

Mu koma kan Enfield, don akwai abin da ya kamata yaron nan ya sani. Haƙoran da ke kulle sakatarta a baya suke, saboda haka tana ɗan ba da kai lokacin harbi, ɗakinta kuma an yi shi da yalwa don ya ci harsashi ko da laka a filin yaƙi. Sakamakon haka kwanso na miƙewa sosai. Ɗora wanda ka harba kusa da sabo, za ka ga kafaɗa ta matsa gaba ƙarara. In kana mayar da shi siffar sabo duk ɗuri, ba zai daɗe ba zai tsinke daga saman gindi. Alamar ita ce siririn zobe mai haske kewaye da kwanso, ɗan sama da gindi. Miƙe wayar maƙale takarda, lanƙwasa bakinta, ka zura ciki ka karto bango. In ta faɗa wani kwari, murƙushe kwanson ka jefar. Yawancinmu wuya kaɗai muke matsewa a .303, kuma kwanson kowace bindiga ya zauna da bindigarsa. Kafin komai ma kai ta wurin maƙerin bindiga mai lasisi ya auna tazarar ɗakin. A samfurin No. 4 kan sakata na da lamba daga 0 zuwa 3, ana canja shi don gyara wannan tazarar.

Mai_Kalifa:
Kuma a auna bututun. Na Enfield ba su da awo ɗaya, ana samun 0.311, ana samun har 0.314. Ana tura dunƙulen dalma mai taushi, wanda ya ɗan fi bututu kauri, da mai a jikinsa, daga wannan baki zuwa wancan, sannan a auna shi. Sai dai yawancinsu tsaga biyar gare su, kwari ba ya fuskantar kwari, kalifa za ta ba ka lamba ƙasa da gaskiya. Maƙeri na da abin auna irin wannan. Ka kuma leƙa cikin tsofaffin kwansunanka na .303 da tocila: rami ɗaya a tsakiya shi ne Boxer, ana sake ɗura shi. Ƙananan ramuka biyu Berdan ne, zai karya maka allurar cire faraima.

Sabon_Hannu:
Na dawo da sakamako. Kwanson .308 ya nuna 2.021, ya wuce iyaka. Ko babu ƙwaya sakata na ɗan tauri, kuma maka ta goge a bakin kwanso, kafaɗa kuwa ba ta taɓu ba. Na datse zuwa 2.005, na share bakin ciki da waje, na dasa sabuwar ƙwaya a tsawon da kamfaninta ya rubuta. Yanzu tana rufewa da yatsa biyu, ba tabo ko ɗaya. Ashe matsala biyu ce a haɗe. Enfield na ajiye ta sai maƙeri ya gani.

Injiniya_Sale:
Madalla. Wannan dogon bakin shi ne mafi haɗari a cikin biyun, don yana cusuwa ya danne ƙwaya ya hana ta fita da sauƙi. Auna sauran kwansunan duka, bayan matsewa ba kafin ba, don matsewar ce ke ƙara musu tsawo. In ka zo dasa faraima, shafa da yatsa ka ji ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso.

DanFako_77:
In maƙeri ya ce bututun 0.313 ne ko 0.314 fa? Ƙwaya mai rigar jan ƙarfe da ake samu galibi a 0.312 ta tsaya. Ni a nan zan ce ya gwada mai faffaɗan gindi, giren 174 zuwa 180.

Mai_Kalifa:
Ko ya koma ƙwayar dalma ta zubi, wadda ake yi ta fi kwarin bututu da 0.001. Amma wannan awonta daban ne, littafinta daban, kuma sai an tabbatar wuyan ɗaki zai ɗauki kwanso da ƙwaya mai wannan kauri.

Maman_Ilham:
In zai shiga zubin dalma, to a waje ko wuri mai iska sosai, kuma kada ɗigon ruwa ya kusanci tukunyar.

Nasiru_Saiti:
@Sabon_Hannu murɗin bututun .308 ɗinka nawa ne, 1:10 ko 1:12? Giren 150 zai yi a kowanne, amma in kana da niyyar hawa zuwa dogayen ƙwayoyi nan gaba gara mu sani tun yanzu. Saka tsumma mai matsewa a sandar gogewa, yi mata alama, ka auna inci nawa take shiga kafin ta juya sau ɗaya.

Sabon_Hannu:
Ban taɓa aunawa ba, Yaya Nasiru. Zan gwada da sandar yau da dare in rubuto lambar.